Ni da Murfin Tukunya

Akwai mutanen da bai kamata a bar su su kaɗai da tukunya a ɗaki ba, ni kuwa ina cikin manyansu. Ba na shan taba, ba na caca, bashin mutane ina biya tun kafin a aiko. Wanda ya gan ni a sahun gaba a masallaci da furfura a gemu zai ɗauka dattijo ne da ya gama da kwaɗayin duniya. Amma a ɗora girki, a ce kada kowa ya buɗe sai bayan awa huɗu, a fita a bar ni, to nan dattakun ke tuɓe rawani ya ajiye. Shekara da shekaru aibin nan yana ɓoye, domin a gida namiji irina ba shi da hurumi a madafa. Amurka ce ta tona mini asiri, kuma da abincin da kakannina ba su taɓa jin ƙamshinsa ba.

Ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba Amurkawa ke bikin Ranar Godiya. Shugaba Abraham Lincoln ne ya ayyana ta a matsayin ranar ƙasa baki ɗaya a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, daga baya majalisa ta kafe ta a Alhamis ta huɗu a 1941. Ba a yin ɗinki, ba a yawon gaisuwa gida-gida. Dangi ne za su taru a ci abinci har numfashi ya yi wuya. Mu da muke zaune a Minneapolis, ranar babu aiki, babu makaranta, ga sanyi ya hana fita, ga yara sun taso suna jin abokansu na labarin talotalo, sai muka bi sahu. Naman halal kuwa ba ya wuya a garin da Somaliyawa suka cika da shaguna.

Talotalo ne mai suna a bikin, amma duk wanda ya ci ya san namansa sai da rakiyar romo yake wucewa. Abin da ake wawaso a teburi shi ne cushen burodi. Asali a cikin talotalon ake cusa shi a gasa su tare, kuma kowane yanki da irin nasa. A kudanci da burodin masara suke yi, a gaɓar teku ta arewa maso gabas wasu na sa kawa, a nan Minnesota kuma akan haɗa da wata baƙar shinkafa da ke fitowa a tafkuna. Sai dai ma'aikatar aikin gona ta Amurka ta daɗe tana jan kunne cewa cushen da ya sha ruwan ɗanyen nama dole tsakiyarsa ta kai zafin digiri 165 a ma'auninsu, wato 74 a namu, kuma ya fi aminci a dafa shi daban. Kafin zafi ya ratsa har can ciki, ƙirjin talotalon ya riga ya bushe. To a dafa daban a ina? Obin ɗaya ne a gida, talotalo ya kama shi tun safe, ga wainar kabewa na jiran layi. Shi ya sa mutane da yawa suka koma ga tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali.

Aikin nan ne uwargida ta ba ni, ba don ta yarda da hannuna ba, sai don shi ne wanda ta tabbata ko yaro ba zai ɓata ba. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta koya mana. A samu burodi, a yanka ƙanana, a baza ya kwana biyu ya bushe ƙarau, domin sabon burodi da ya ji ruwa sai ya zama kunu. A narkar da bota, ba kaɗan ba, a soya albasa da seleri har su yi laushi, a zuba ganyen sej da tayim da masoro. Amurkawa da yawa suna ƙara tsiran alade, mu kuwa niƙaƙƙen naman sa muke sa wa, da ɗan attaruhun da uwargida ke jefawa idan ta ga idon maƙwabciyar ya kauce. A juye duka a kan burodin, a riƙa yayyafa romon kaza ana juyawa har ya jiƙa ba tare da ya caɓe ba, a kaɗa ƙwai biyu a haɗa don ya kama jikinsa. Sai a shafe cikin tukunyar da bota, a zuba ba tare da an danna ba, a shimfiɗa tawul mai tsabta a ƙarƙashin murfi don ya shanye gumin da zai ɗiga, a sa a ƙaramin zafi. Daga nan sharaɗi ɗaya ne tak ya rage: a bar ta.

Tukunyar nan an ƙera ta ne musamman don kada a taɓa ta. Wani injiniya a Chicago, Irving Naxon, shi ya samu lasisin ƙirarta a 1940. Abin da ya ba shi tunanin shi ne labarin mahaifiyarsa game da Yahudawan Vilnius, a Lithuania, waɗanda addini ya hana su girki ranar Asabar. Tun ranar Juma'a sukan kai tukunyar wake da nama gidan burodi, a tura ta cikin tandar da ta fara hucewa, ta kwana tana nuna da sauran zafin. Kamfanin Rival ya sayi ƙirar, ya fito da ita da sunan Crock-Pot a 1971, daidai lokacin da matan Amurka ke tururuwar fita aiki, suna neman abin da za su ɗora da safe su tarar da yamma. Wuta kaɗan take ja, duk ƙarfinta yana ga tururin da ke tsare a ciki. Masu girki sun ƙiyasta cewa duk buɗe murfi ɗaya yana ƙara wa dahuwa kusan minti 20. Wato mutanen da suka iya kame hannunsu yini guda saboda ibada su suka haifi wannan tukunya, ƙaddara kuma ta kawo ta hannuna. An ba kura ajiyar nama.

Awa ta farko ba ni da matsala, domin babu abin da ke tashi. Cikin ta biyu ƙamshin bota da sej ke fara zagaya gida, a nan ne nake zama mutum mai tsananin kula. Sai in tuna ban tabbata gishiri ya ji ba. Sai in ji a raina romon ya yi kaɗan, kada abincin baƙi ya ƙone. Sai in ga ya dace a duba ko tawul ɗin ya jiƙe. Murfin na gilashi ne, an yi shi haka don a leƙa ba sai an buɗe ba, amma tawul ya rufe gani, ni kuwa na ɗauki wannan a matsayin fatawa. Duk hujjojin nan ina gina su da natsuwa irin ta mai shari'a, alhali cokali tuni yana hannuna, ban ma san lokacin da na ɗauko shi ba.

Gaskiyar maganar ba gishiri nake dubawa ba. Zafin tukunyar daga gefe da ƙasa yake shigowa, don haka burodin da ya jingina da bangonta, inda aka shafa bota, yakan soyu ya yi ja, ya yi ƙaras-ƙaras, tsakiya kuma ta zauna da laushi. Ƙanzo ne, ba wani abu ba. Ni kuwa tun ina yaro, idan aka kwashe tuwo, ba na nisa da inda ake kankare tukunya. Na yi zaton karatu da shekaru da ƙetare teku sun raba ni da wannan, ashe yana kwance ne yana jiran bota. Har dabara na ƙware a kai: a zura cokali ta gefe, a ɓamɓaro jan, a jawo na tsakiya a cike gurbin, a lallaɓa sama ya koma sumul. Wanda aka jawo shi ma bayan ɗan lokaci zai yi ja. Ka ga ke nan an samu dalilin dawowa.

Sakamakon ba ya ɓoyuwa. Talotalo ya fito ya huce, dankali ya sandare, baƙi sun zauna, cushe kuwa bai nuna ba, saboda duk tururin da ya tara na sallame shi. Idan aka kawo shi daga ƙarshe, sai a ga ya yi ƙasa sosai da inda aka zuba shi, fari fat, babu ko ɗigon ja.

"Malam, ka buɗe tukunyar nan?" in ji uwargida.

"Na dai ɗan leƙa."

"Leƙen ne ya shafa maka mai a gemu?"

Wanda ya fi wannan ciwo shi ne ranar da tsohuwar da ta koya mana ta ci namu. Ta yaba laushinsa, sannan ta tona da cokali ta ce ina gefen, ai a gidansu a kansa jikoki ke faɗa. Kafin in yi tunani bakina ya ce wutar lantarkinmu ce ba ta da ƙarfi. Uzuri ne da ya rufa wa magidanta da yawa asiri a Kano, amma a nan bai yi aiki ba, musamman ga matar da bango ɗaya ya raba mu, waya ɗaya ke kai mana wuta. Ta gyaɗa kai cikin ladabi. 'Yata ƙarama ta buɗe baki za ta ba da shaida, na tura mata cinyar talotalo.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne ni ba baƙon haƙuri ba ne. Na yi azumi a Minnesota a shekarun da Ramadan ya faɗo a watan Yuni, lokacin da rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara na dare, fiye da awa 16 ba ci ba sha, ina aiki, ban taɓa kallon firiji da wata manufa ba. Amma awa huɗu da ƙoshi a cikina, sun gagare ni. Na yi nazarin abin na gano cewa a azumi na san Wanda ke kallona, kuma babu hujjar da za ta shige. A gaban tukunya kuwa hujja ce ke kashe ni. Da a ce kwaɗayin zai fito da sunansa ya ce ga ni, da na ji kunyarsa na kore shi. Sai ya zo da rigar mai hidima, ya ce baƙi yake tausaya wa. Ina zargin yawancin ɓarnar da dattawa ke yi a duniya da irin wannan rigar take shigowa, sai dai tawa a burodi ta tsaya, alhamdu lillahi.

An gwada magunguna. An zaunar da ni gaban talabijin in kalli faretin Macy's na New York, wanda ake yi tun 1924, daga nan in wuce wasan ƙwallon Detroit Lions, da su ma suka saba bugawa a wannan rana tun 1934. Sai dai ƙwallon Amurkawa minti kaɗan ake yi a tsaya a sa talla, kuma tsakanin kujera da madafa taku goma bai cika ba. An liƙe murfin da salatif, na gano ana iya ɓare shi a mayar ba a gane ba. Wata shekara uwargida ta fusata ta sayo cushen kwali na Stove Top, wanda ke kasuwa tun 1972, a zuba a tafasasshen ruwa, minti biyar an gama. Kowa ya ci a kan lokaci, babu wanda ya yi ƙorafi, ni kaɗai na yini ina zagaye gida ba ni da abin dubawa. An kuma naɗa 'yar ƙaramar mai gadi, da ladan dala guda. Ta yi aikinta tsakani da Allah har zuwa lokacin da ta ɗanɗana gefen. Daga nan muka zama biyu.

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Ban musa ba, amma na lura dutse ba ya ƙamshi, kuma ba ya yin ƙanzo, don haka ban ga abin yabo a jiransa ba.

Bana na daina alkawarin da na san ba zan cika ba, na koma ga sulhu. Na sayo wata ƙaramar tukunya irin waccan, 'yar mitsitsiya, wadda kusan duk cikinta gefe ne. Na ajiye ta a kan kanta a gefen babbar. Uwargida ta dube ta, ta dube ni.

"Wannan kuma ta mece ce?"

"Ta baƙon da ba ya cin albasa ce. Kin san ba a son a takura wa baƙo."

"Wane baƙo ne a cikin mutanenmu ba ya cin albasa?"

"Ba ki san shi ba. Mutum ne mai kunya, a madafa yake cin abincinsa, a tsaye."

"To ka faɗa masa," in ji ta, "idan ya taɓa babbar, shi da talotalo za su kwana a waje."

Na isar da saƙon. Ya ce ya ji, amma yana roƙon a ƙara bota.