Yadda Ake Shuka Ƙura a Girbi Ganye

Tsiron fan, wanda sabon tohonsa ke fitowa a naɗe kamar wutsiyar hawainiya, ba ya fure, ba ya 'ya'ya. Duk wanda ya taɓa bin hanyar kudu ya gan shi yana reto a jikin bishiyar kwakwar manja. Turawan da sun yi ta neman irinsa ba su gani ba, har suka ce wanda ya same shi zai ɓace wa idon mutane, wato su ma suna da tasu layar zana. Sai a 1794 wani likita a Jamaika, John Lindsay, ya bayyana yadda ya shuka ƙurar da ke bayan ganyen, ta kuwa tsiro.

To, juya ganyen ka duba. Ɗige-ɗigen nan masu ruwan ƙasa da suka yi sahu kamar 'yan fareti ba cuta ba ce, don Allah ajiye maganin ƙwarin nan. Rumbun irin ke nan. In sun yi duhu sun nuna, yanki ganyen ka kwantar da shi a kan farar takarda, ka rufe da wata. Bayan kwana biyu ko uku za ka tarar da ƙura mai laushi kamar garin kwalli. Kashe fanka kafin ka buɗe. Mai mura kuwa ya tsaya a zaure, domin atishawa ɗaya ta isa ta watsar da gonar gaba ɗaya.

Nemi robar abinci mai murfi garai-garai, ka zuba ƙasa mai laushi, ka kwarara mata tafasasshen ruwa kamar za ka fige kaza. Wannan shi ke kashe gansakuka da fumfunar da za su riga baƙonka cin tuwo. Idan ta huce, barbaɗa ƙurar sama-sama, kamar yajin mai gyambon ciki. Kada ka binne, ba gero ba ne. Rufe, ka ajiye inda akwai haske amma rana ba ta dukansa.

Yanzu abu mafi muhimmanci: rubuta "KADA A WANKE" a jikin robar, ka kuma kai wa uwargida bayani da bakinka. Bayan 'yan makonni saman ƙasar zai yi kore shar, kuma duk mai tsabta da ya gani zai rantse miyar kuka ce aka manta.

Wannan koren ba fan ba ne tukuna, kuma a nan ne abin yake burge ni. Leƙa da kyau, za ka ga 'yan falle-falle masu siffar zuciya, ko farcen ƙaramin yatsa ba su kai ba. A ƙarƙashinsu ango da amarya suke, wato ƙwayar namiji da ta mace, ango kuma ba shi da mota, iyo yake yi a cikin ɗan damshi har ya isa ɗakin amarya. In babu ruwa, an fasa biki. Saboda haka ka riƙa yi musu feshi kaɗan da tafasasshen ruwan da ya huce. Wani Bajamushe, Wilhelm Hofmeister, shi ya warware wannan zagaye na rayuwa a 1851.

Daga nan sai ganyen farko ya leƙo, siriri kamar zare. Kada zumuɗi ya sa ka yaye murfin rana ɗaya. Ɗaga shi kaɗan-kaɗan cikin mako biyu, 'yan tsiran su saba da iskar duniya, sannan ka raba su cikin tukwane. Tun daga ƙura zuwa tukunya, ka sa ran wata shida zuwa shekara.

Amma fa ka fara da damina, malam. Iskar hunturun da ke tsaga maka diddige ba za ta raga wa jaririn fan ba.