Yadda Za Ka Fi Halifan Ƙurɗuba Yawan Ranakun Farin Ciki

Abokin takararka shi ne Abdurrahman na Uku, mai laƙabi Annasir. Ya hau gadon mulkin Andalus a 912 yana saurayi, ya ɗauki sunan halifa a 929, ya rasu a 961. A lissafin Hijira shekara hamsin ke nan, daga 300 zuwa 350. Babban birninsa Ƙurɗuba ne, garin da daga baya aka haifi Alfazazi mai Ishiriniya. Malamin tarihi Almaƙƙari ya ruwaito cewa bayan rasuwarsa an tarar da wata takarda da rubutun hannunsa, inda ya lissafa ranakun da ya yi cikin farin ciki tsantsa. Da aka ƙirga sai suka tashi 14, wato rana guda duk shekara uku da rabi. Kada girman rawaninsa ya firgita ka, wannan takara kana iya cinye ta kafin Babbar Sallah.

Da farko, idan ba a ba ka mulki ba, ka yi alwala ka yi sujadar godiya. Bawan Allahn nan ya kwashe shekara goma sha shida yana fama da 'yan tawaye kafin ganuwarsu ta Bobastro ta faɗo hannunsa a 928. A 939 Sarki Ramiro na Biyu na Liyon ya fatattaki rundunarsa a Simankas, da ƙyar ya sha, har Alƙur'aninsa ya bari a fagen fama, kuma bai sake jagorantar yaƙi da kansa ba. Abin da ya fi wannan ciwo, ɗansa na cikinsa Abdullahi aka kama da ƙulla masa makirci, shi kuma ya sa aka kashe shi. Ka gaya mini ranar da uba zai yi dariya har cikin zuciya bayan wannan. Idan kuwa an riga an naɗa ka, ko mai unguwa ne ko shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa, ka riƙe amana, ka kuma bar wani ya iya aikin tun kana raye.

Gini ma ka yi shi daidai kwanciyarka. Halifa ya gina sabon birni sukutum, Madinatuz Zahra, kusa da Ƙurɗuba, bai kai shekara tamanin ba aka wawashe shi lokacin wata fitina. An ruwaito cewa aikin ya ɗauke masa hankali har Juma'a uku ta wuce shi, sai Alƙali Munzir ɗan Sa'id ya hau mumbari ya yi masa wankin babban bargo a gaban jama'a. Halifa ya ji zafi, amma bai tuɓe shi ba, kuma a nan na fi ganin girmansa. Kai ma ka nemi Munzirinka, ko yayarka ce ko tsohon abokin makarantar allo, wanda zai ce maka ka yi kuskure ba tare da ya fara da ranka ya daɗe ba.

Inda za ka ba shi rata sosai shi ne wajen ƙirga. Halifa ya gindaya sharaɗi cewa ranar ta zo ba gauraye, kuma hankalin ɗan Adam yana son irin wannan sharaɗi. Kamar mai tsintar shinkafa yake, sai ya ga tsakuwa ɗaya ya zubar da faifan gaba ɗaya. Kada ka yarda ya yi maka haka. Sayi littafin rubutu. Ranar da zazzaɓin ɗanka ya sauka, rubuta ta, ko da an ɗauke wuta daren nan. Ranar da ruwan farko ya sauka a gonarka, rubuta ta, ko da ɗakinka ya yi yoyo. Ranar da kuka shirya da wanda kuka daɗe kuna gaba, wannan ka ja mata layi biyu.

Sai dai ka ɓoye littafin ƙarƙashin katifa, kada ka kai shi majalisa. Da zarar maƙwabcinka ya ce nasa ranakun sun kai sittin, za ka koma gida ka fara soke naka ɗaya bayan ɗaya, alhali ƙila shi ma ƙara gishiri ya yi don kada ka raina shi.