Kafso Talatin a Tukunyar Surukata

Shekara biyu na yi ina haɗa wani ɗan kundi na tarihin masana kimiyya da Hausa, don yaran sakandare. Suna tamanin da bakwai na tara. Mace ɗaya ce tal a ciki, Marie Curie, ita ma don ta ci kyautar Nobel har sau biyu ne, a 1903 da 1911. Da sau ɗaya ta ci, ina jin sai ta jira bugu na biyu. Don kada a ce na manta gida, na saka Muhammad al-Katsinawi, gwanin lissafin hatimi da ya rasu a Alƙahira a 1741. Na dubi aikina, na yi wa kaina jinjina.

Ina kan harafin L na iso ga Jean Léonard, masanin tsirrai ɗan Beljiyam. Littattafan da nake kwafa sun ce shi ya gano darajar spirulina a yankin Tabkin Chadi, a tafiyar ratsa Sahara ta 1964 zuwa 1965. Wata irin gansakuka ce koriya da ke rayuwa a ruwan kanwa, idan ta bushe fiye da rabin nauyinta furotin ne. Abin ya ɗauke mini hankali, na bi kemis-kemis a Yerwa sai da na samo kwalba ɗaya ta ƙasar waje, kafso talatin, a kuɗin kaji biyu.

A lokacin surukata ta zo daga Gwange zaman jego a gidanmu da ke Hausari. Mutuniyar Kanem ce, aure ya kawo ta Borno tun tana yarinya. Tsakanina da ita gaisuwa ce daga bakin ƙofa, a durƙushe. Saboda haka na miƙa wa uwargida kwalbar, na ɗaga murya yadda za a ji a cikin ɗaki, na zuba lacca. Har da furotin, har da Beljiyam.

Na ji an ɓare kafso ɗaya. Aka yi shiru. Sai Hajiya ta ce wa 'yarta, "Wannan ai dihe ne. Nawa Malam ya saya?"

Uwargida, Allah ya saka mata, ta faɗi kuɗin ba ta rage ko kwabo ba. Hajiya ta yi salati mai tsawo.

Nan ta shiga ba 'yarta labari, ni kuma ina tsugune ina sha ta bayan labule. Da sassafe matan Kanembu ke shiga tabkunan kanwa su yaɗo koren da ke saman ruwa. A yi ɗan gurbi a yashi, a juye, ruwan ya tsotse, rana ta busar, a yayyanka kamar ƙuli, a kai kasuwa, a yi miya a ci da tuwon gero. Ta san tabkin da ke bayarwa, ta san lokacin da iska ke koro shi baki. Da na lissafa shekarunta a zuci, sai na ga lokacin da Léonard ke ratsa hamada ita tana cikin ruwa iya gwiwa, da ƙwarya a hannu.

"Tambayi Malam, a ina Baturen ya gano shi?"

Na ce, da murya ƙasa-ƙasa, a kasuwar Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yanzu.

"A kasuwa. To, wa ya kai kasuwar?"

Na ji kamar wanda ya ɗauko kanwa daga Kano ya kawo wa Barebari tsaraba.

Da dare na koma kan littattafaina ina neman mafita. Sai ma na tarar tun 1940 wani Bafaranshe, Pierre Dangeard, ya yi bayanin dihe, shi ma daga wanda aka sayo a kasuwa aka aika masa. Sunan mai dubawa na nan, shekara na nan. Wadda ta karɓi kuɗin ta ba da canji, ko harafin farko na sunanta babu. Ba na ƙyashin Léonard, ya yi aikinsa na madubin awo. Kalmar "gano" ce ta tsaya mini a maƙogwaro, kuma ni na kwafe ta da hannuna.

Na yi niyyar gyara, tunda ga ɗaya daga cikin matan taku goma daga teburina. Na ɗauki biro, sai hannu ya ƙi. Shekara goma sha bakwai da aure, bakina bai taɓa furta sunan surukata ba. Na raɗa wa uwargida ta rubuta mini. Ta zaro ido: "Sunan uwata zan rubuta a buga a littafi, yara su riƙa kira a aji?"

Haka na ƙara suna na tamanin da takwas a ƙarƙashin harafin H: Hajiya.

Washegari aka kawo mini tuwo da wata miya koriya shar. A gefen murhu na hango kwalbata wayam, da ɓawon kafso talatin a faranti. Ina cikin ci uwargida ta leƙo da saƙo. Wai Hajiya ta ce a gaya wa Malam, na Baturen nan ba laifi, amma bai sha rana ba.