Masu Awon Kogi

Idan jarrabawar labarin ƙasa ta matso, malami kan kwashi 'yan aji a motar haya zuwa bakin kogi, da tef da sanda da agogo da 'yan lemo a leda. A auna faɗin ruwa, a auna zurfinsa wuri-wuri, a jefa lemo a ga sakan nawa zai yi kafin ya ci mita 10. Aikin ke nan, amma a nan halin kowa ke fitowa.

Akwai Alaramma, wanda ya haddace komai tun daga gida: kogin Kano da na Challawa su suka haɗu suka zama kogin Haɗeja, an gama madatsar Tiga a 1974, ruwan kuma ta Yobe yake bi zuwa Tafkin Cadi. Ko tsakar dare ka tashe shi zai karanto ba gargada. Amma nuna masa kwanar kogi ka ce, wace gaɓa ruwa ke ci, wacce yake zuba wa yashi? Sai ya ɗaga kai sama yana laluben shafi.

Wannan tambayar kuwa ɗan masunta ya san amsarta tun yana goye. Kallo ɗaya zai yi ya ce, “Kar ku taka can, bayan kwana ne, ruwan da gudu kuma da zurfi.” Gaskiyarsa, nan ruwa ke zaizayar gaɓa, cikin kwanar kuma ya lafa ya ajiye yashi. Ya fi malam sanin kogin, malam ma ya san haka. Matsalar sai an shiga ɗakin jarrabawa an ce ya kawo dalili, ya rubuta layi guda: haka Allah Ya yi shi. Ba mai musu, amma mai duba takarda ba zai ba da maki ba.

Lemon nan an zaɓe shi ne don yawancinsa na nutsewa, iska ba ta tura shi, kuma sau uku ake jefawa a fitar da matsakaici. Kowane aji na da wanda ake ba ajiyarsa. Kafin jifa na biyu, sai ɓawo a aljihu.

'Yar hoto ta cika waya, duk fuskarta ce, kogin ko ƙyallinsa babu.

Sai wanda kakarsa ta ja masa kunne kan 'yan ruwa. Yana can kan tudu rungume da takalman jama'a, yana ta addu'a. Kar a raina shi: ranar da aka tambayi haɗurran aikin, shi ya zayyana santsi da rami da tsargiya, ya cinye makin.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda bai je ba, ya zauna a ɗaki ya ƙera alƙalumansa. Koginsa faɗi mita 3, zurfi mita 40, gudu kuma ya fi na babur.

Shi ma wani malamin ba a bar shi a baya ba. Ya kai yara rafi a watan Maris, suka tarar ba ko ɗigo, sai tifa tana lodin yashi. Bai ji komai ba ya ce, “Ku ɗauka akwai ruwa.”

Don Allah Malam, baɗi a kai su a watan Oktoba, lokacin ruwa ya lafa amma bai ƙafe ba.