Zuwa ga Bawana Bazazzagi, Sabon Bakanike

Labari ya iso mu Kano cewa Carina ɗinka tana tsugune a kan bulo a ƙofar gida, giyabos a zaure, notuna a cikin kwanon miyar amarya. Wai kuloci ya fara sulɓi, kana taka totur inji na kuka mota ba ta gaba, bakanike ya faɗi kuɗin aiki, kai kuma ka ce ai kun yi boko, akwai YouTube. Shekara da shekaru kuna yi mana gorin maƙo, ga shi yau ka ƙwace mana kambu.

Na yarda ka iya kwancewa. Ka cire batir da sitata, ka tsiyaye man giya, ka zare shaf biyu na ƙafafun gaba. Ɗan shekara goma ma idan ka ba shi sifana zai kwance. Mayarwa ce aikin masu gemu.

Faifan kuloci yana zama ne tsakanin fulawil da murfin da ke matse shi, kuma dole raminsa ya tsaya cak a tsakiya kafin ka ɗaure murfin. Kanikawa suna zura tsohon sandan giyabos su saita shi. Kai na ji da ido ka auna, idon da tabarau ya gama da shi tun a Samaru. Shi ya sa giyabos ke zuwa saura kaɗan ya cije, kana kwance a ƙasa yana danne maka ƙirji, kana salati. Haƙoran sandan ne ba su shiga na faifan ba. Fara saita faifan a tsakiya, sannan ka sa giya, a ɗan juya sandan har haƙoran su haɗu, zai shige da kansa. Kada shaiɗan ya raya maka ka jawo shi da noti, don ko faifan ya lanƙwashe ko kaskon giyabos ya tsage. Kada kuma ka bar shi yana reto a kan sandan.

Af, ka duba wace fuska ce ta faifan ke kallon fulawil? Galibi a rubuce take a jikinsa, da Turancin da kuke taƙama da shi. Notunan murfi kuma kaɗan-kaɗan ake ɗaure su, wannan gefe sannan na daura da shi. Boris ɗin kuloci fa, ka canza? Na san ba ka canza ba. Nan da wata biyu zai fara kuka, ka sake sauke komai saboda abin da bai kai tafin hannu ba.

Magana ɗaya ce ba wasa a ciki: kada ka ƙara shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai. Bulo ma fashewa yake. Bawa dukiya ne, ba na son asara.

Gobe zan turo maka yaro daga Ƙofar Ruwa. Kuɗin aiki ninki biyu ne, tunda sai ya fara tsince notuna a kwanon miya. Kuɗin motarsa zuwa Kwangila ma naka ne.