Faranti Faifai, Shinkafa Loma Biyu

Wani abokinmu ɗan Jibiya ya dawo daga Obudu, can kan tsaunukan Kuros Riba, ya same mu a Magama, bakin iyaka, yana ta cika baki. Wai gidan abinci na alfarma aka kai shi, aka jera masa cokula uku da wuƙa kamar za a yi tiyata. Sai ga faranti mai faɗin faifai, tsakiyarsa shinkafa loma biyu da ganye ɗaya tal. Kuɗin kuwa ya isa mota zuwa Maraɗi da dawowa, har da tsarabar kilishi.

Muka ce, "To Alhaji, an dai ƙoshi?"

Ya ce, "Sanyi dai na sha na ƙoshi." Ya waiwaya wajen mai tsire: "Malam, na dubu biyu, a cika yaji."