Kafin Ka Yanki Katin Ƙungiya: Shawara Ga Mai Aikin Jinga

Duk mai cin abinci da guminsa, ba ofis ba albashi, ko birkila ne ko kafinta, ko mai wayarin ko mai shimfiɗa tayil, akwai ranar da wani bawan Allah zai tsaya masa a bakin aiki da jaka a hammata. Zai yi sallama mai kyau, ya yaba aikin ko da katangar ta ɗan yi ciki, sannan ya zaro fom. "Maigida, ashe har yanzu ba ka yi rajista da mu ba?" Nan take gabanka zai faɗi, don ka san maganar kuɗi ce ta iso, kuma abin da ke aljihunka na cefane ne.

Shawarata ita ce ka shiga, amma ba a ranar ba, kuma ba kowace ƙungiya ba. Ka karɓi fom da hannu biyu, ka ce za ka yi shawara. Sashe na 40 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin kafa ƙungiya ko shiga wadda ya ga dama don kare muradunsa, 'yanci kuwa ba ya zama dole. Kana iya faɗa masa haka, sai dai ka faɗa da murmushi, ƙafarka a kan cokalin gininka, domin akwai wuraren da 'yan ƙungiya kan fara kwashe kayan aikin mutum kafin su saurari tsarin mulki. Ƙungiyar da ta yi maka haka ta riga ta hutar da kai bincike.

Kada kuma ka ɗauka abin baƙo ne. Tun kafin zuwan Turawa kowace sana'a tana da shugabanta a ƙasar Hausa: Sarkin Maƙera, Sarkin Fawa, Sarkin Aska, Sarkin Magina. Ta hannunsu aikin fada ke sauka, su ke raba shi, su ke kashe rigima tsakanin 'yan sana'a. Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'ar Zariya a ƙarni na 19 zamanin Sarki Abdulkarimu, ba shi kaɗai ya kwaɓa ƙasa ba, ayarin magina ya jagoranta. Ciyaman ɗin ƙungiyar da ke nemanka yau kujerar irin waɗannan mutane ya gada. Abin dubawa shi ne ko ya gaji aikinsu, ko hular kawai.

Hanyar ganewa ɗaya ce: ka je taronsu a matsayin baƙo. Ka ci abinci kafin ka tafi, don taron da aka ce ƙarfe huɗu ba ya kama wuta sai an yi la'asar an huta. Ka zauna daga baya, inda ake faɗin gaskiya ƙasa-ƙasa. Sai ka lura da abin da ke cin lokaci. In aka shafe awa biyu ana gardamar launin ankon bikin cika shekara, da wanda hotonsa zai hau saman kalanda da wanda zai sauka ƙasa, to ka san irin gidan da ka shigo. Kalanda ba laifi ba ce, tana ƙawata shago. Amma ba a taɓa biyan kuɗin asibiti da ita ba.

Idan an zo wurin "ko akwai mai magana", ka miƙe, ka gaida shugabanni, ka yi tambaya guda: "Ranka ya daɗe, a cikin 'yan'uwa wa ya ji rauni a wurin aiki bara, kuma me aka yi masa?" Daga nan ka yi shiru ka kalli fuskoki. A ƙungiyar kirki ba sai ciyaman ya amsa ba. Wani daga gefe zai ce wane ne, katako ya karye da shi suna zuba dakin, ya yi wata uku a kwance. Wani zai faɗi abin da aka haɗa, ma'aji ya gyara masa lissafi, wani dattijo ya ƙara da cewa yaransa biyu an raba su shaguna har ya miƙe. Wataƙila ma mutumin yana zaune a wurin, ya ɗaga maka hannun da aka ɗora. Idan ka ji haka, zaro kuɗinka kafin su canja shawara. Idan kuwa aka hau tari, ciyaman ya ce "wannan magana ce ta kwamiti", ka yi musu addu'a ka nemi takalmanka.

Na nace a kan wannan tambaya ne saboda a nan mai aikin jinga ya fi kowa zama maraya. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, an ɗora ta ne a kan mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kaso saboda mutanensa. Kai kuwa yau kana Hotoro, jibi kana Rijiyar Zaki, kowane mai gini ubangidanka ne na kwana goma. Ranar da tsani ya zame, mai ginin zai ce "Allah ya sawwaƙe", in mai tausayi ne ya biya kuɗin ɗauri na farko, washegari ya kira wani ya ƙarasa filasta. Waɗanda za su tuna kana da iyali su ne waɗanda suka san tsayin tsanin nan da ƙafafunsu.

Bayan rauni sai babban ciwon sana'a, wato ciko. Ka san yadda take faruwa. An ba ka kafin alƙalami da fara'a, har da lemo. Ka yi aiki, an yaba, an ɗauki hoto. Ranar karɓar ciko sai labari ya sauya: "Ka dawo Juma'a." Juma'a ta yi, Alhaji yana barci. Wata Juma'ar, Alhaji ya tafi Abuja. Ta uku, maigadin da kuka sha shayi tare wata guda ya dube ka kamar yau ya fara ganinka. Kotu tana nan, amma kuɗin lauya da zirga-zirga za su cinye cikon tun kafin a kira shari'a.

A nan ƙungiya ke nuna amfaninta. Dattawa uku su sa manyan riguna, su je su zauna a zauren Alhaji. Ba zagi, ba ɗaga murya. Su gaishe shi, su tambayi iyali, su tambayi gajiya, su sake tambayar iyali, su ƙi tashi. Mutumin da ke iya ɓoye wa matashi mai siminti a wando ba ya iya barin furfura uku a ƙofar gidansa maƙwabta na wucewa. Ƙarfin da ya fi wannan kuma shi ne ƙa'idar da ƙungiyoyi masu tsari ke riƙewa: ɗan ƙungiya ba ya karɓar aikin da ɗan'uwansa ya fara sai an sallami na farkon. Ranar da Alhaji ya kira birkila na biyu da na uku duk suka ce masa "sai ka gama da wane", a ranar za ka ga alat.

Sai dai ka sani, dattawan nan ba naka ba ne kai kaɗai. In kai ne ka karɓi kuɗin aiki uku lokaci guda ka kashe waya, ko ka rage rodi ka ƙara yashi, zauren gidanku za su zo su zauna. Mai irin wannan hali ina ba shi shawara ya gyara kafin ya yi rajista, don ƙungiya ta san gidan kowa, ta san surukansa. Wannan ma riba ce ga mai gaskiya: mai gini ya fi sakin jiki da wanda yake da inda za a kai ƙararsa. Ka kuma roƙi sakatare ya koya maka rubuta yarjejeniya, ko da shafi ɗaya ce, a bayyana ko jingar da kaya ce ko hannu kawai. Waɗanda suka yi jinga da kaya da baki kafin farkon 2024, lokacin da buhun siminti ya haura N10,000 a wurare da dama, sun san abin da nake nufi.

Yanzu ga abin da kati ba ya yi. Ba ya kawo kwangilar gwamnati. A ƙarƙashin dokar sayen kaya da ba da kwangila ta 2007, abin da ake nema a manyan ayyukan tarayya takardun kamfani ne: rajistar CAC, shaidar biyan haraji da makamantansu. Kati kuma ba shaidar gwaninta ba ne. Wannan tana wurin jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, mai mataki uku, mai wayarin kuma ya nemi shaidar hukumar NEMSA. Ƙungiya mai kai ita ce ke tattara 'ya'yanta ta kai su inda ake ba da waɗannan takardu, kamar yadda masu sana'a a tsohuwar kasuwar Panteka ta Kaduna suka haɗa hannu da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da hukumar NBTE don yaransu su samu shaidar ƙwarewa da aka amince da ita. Wadda ke sayar maka da satifiket mai zanen zinare a gefe ba tare da kowa ya ga ka ɗora bulo ɗaya ba, takardar ado ta sayar maka.

Amma kati yana sa gwamnati ta san kana duniya. A 2020, bayan kullen korona, an raba tallafin N30,000 ga masu sana'ar hannu, kuma ta hanyar ƙungiyoyi masu rajista aka bi wajen tattara sunaye. Gwanaye da yawa sun ji labari ne bayan an rufe. Don haka ka shiga tun ana zaman lafiya, kuma ranar rubuta sunaye ka je da wuri ka zauna kusa da biro. Jerin da aka rubuta a ɗakin ciyaman da dare yakan fito da kafintocin da ba su taɓa riƙe zarto ba, kuma abin mamaki duk unguwarsu ɗaya da shi.

Wannan ya kawo mu ga littafin kuɗi. Ka tambaya ko ƙungiyar tana da rajista da CAC da amintattu, ko asusun banki da sunanta yake, da kuma mutum nawa ke sa hannu kafin a cire ko sisi. In aka ce ka tura kuɗin wata zuwa asusun wani mutum "kafin a daidaita", ka tambayi shekarun da aka yi ana daidaitawar. Kowane kwabo ka karɓi rasit, ka adana a gwangwanin da ba ka zuba ƙusa a ciki. Sannan ka yi naka lissafin tsakani da Allah: kuɗin fom, kuɗin wata, tarar makara, gudummawar biki da suna da rasuwa, da rabin yinin da taro ke ci. A ganina in jimillar shekara ba ta wuce abin da kake samu a mako ɗaya na aiki ba, ciniki ya faɗa. In ta kai na wata guda, to kai ne sana'ar shugabannin.

Za a kuma yi maganar farashi. Ƙungiya takan tsayar da abin da za a karɓa a kan ɗora bulo ko shimfiɗa tayil, don kada yunwa ta sa wani ya karya kasuwar kowa. Ka bi wannan, ko da hannunka na ƙaiƙayi. Amma in ka ji taro ya koma kukan cewa masu tayil da silin 'yan Togo da Binin sun ƙwace aiki a Abuja, ka tambaya a hankali me ya sa masu gini ke nemansu. Amsar tana cikin miƙewar layi da cika alkawari. Ka ba da shawara a gayyato gwani guda ya yi wa matasa horo na kwana biyu da kuɗin da aka ware wa kalanda. Za a harare ka, amma matasan za su nemi lambarka.

Ba za a daɗe ba za a ga kana da baki a ce za a ba ka muƙami. Kada ka karɓi ma'aji in kana da 'yar da za ka aurar a shekarar, don ko da kuɗinka ka sayi gado sai an ƙirga ƙafafunsa. Ka nemi kujerar mai binciken kuɗi. Ba ta da farin jini, ba a sa mai ita a saman kalanda, amma ita ke hana ƙungiya mutuwa. Ka kuma tsaya a kan wa'adin shugabanci, a rubuta shi, a yi zaɓe in ya cika.

Da ka zauna daram, ka kawo ƙudurinka na farko. Tun 2019 hukumar fansho ta ƙasa ta buɗe tsarin ƙaramin fansho don masu zaman kansu, jihohi irin su Kano kuma suna da hukumar taimakekeniyar lafiya. Ka ce a tura mutum biyu su je su ji yadda za a shigar da 'yan ƙungiya gaba ɗaya, da abin da kowa zai riƙa biya. Za a ce "shawara ce mai kyau" a nemi wucewa gaba. Kada ka zauna sai sakatare ya rubuta sunayen mutum biyun, da kuɗin motarsu, da ranar da za su kawo rahoto.